Amsa ga Alhaji da Hajiya kan shari'ar Epstein

Assalamu alaikum jama'a. Na saurari muryoyinku duka, ku yi haƙuri tawa za ta ɗan yi tsawo. Alhaji, ka ce abin da ya burge ka a maganar Jeffrey Epstein, attajirin nan ɗan Amurka da aka tuhuma da lalata da ƙananan yara, shi ne a Amurka doka ba ta san mai kuɗi ba, tunda duk dukiyarsa a kurkuku ya mutu. Hajiya kuma tana tambaya, kashe shi aka yi ko shi ya kashe kansa. Hajiya zan zo kan taki. Amma Alhaji, don Allah ka janye wannan maganar, domin mutumin nan tun 2005 hukuma ta san abin da yake yi, ba a yi masa kamun gaske ba sai 2019. Shekara 14 ke nan. Abin tambaya shi ne me ya faru a tsakani.

To, ga yadda aka fara. A watan Maris na 2005 iyayen wata yarinya 'yar shekara 14 suka kai ƙara wurin 'yan sandan Palm Beach a jihar Florida, cewa wani attajiri, wato Epstein, ya ba 'yarsu kuɗi ta yi masa tausa, ya kuma yi lalata da ita. Da 'yan sanda suka bi sawu sai suka tarar ba yarinya ɗaya ba ce. Dala 200 ko 300 ake ba yarinya, sannan a ce mata in ta kawo ƙawarta za a sake ba ta wani kuɗin. Ita ma ƙawar ta kawo wata. Kuma ba 'ya'yan maƙwabtansa masu hali yake ɗauka ba, 'yan makarantar sakandare ne daga unguwannin marasa ƙarfi, waɗanda dala 200 babban kuɗi ne a wurinsu. Ya san su wa yake zaɓa, ya san in sun yi magana ba lallai a saurare su ba.

'Yan sandan nan sun yi aikinsu, wannan kam a yaba musu. Shugabansu Michael Reiter ya miƙa fayil ga mai gabatar da ƙara na jiha a yankin, Barry Krischer. Sai aka wayi gari a 2006 tuhuma ɗaya tak ta fito, wai neman karuwa. Ran Reiter ya ɓaci, ya kwashi maganar ya kai wa FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayyar Amurka. Nan ne gwamnatin tarayya ta shigo. Ku gane, can ma kamar nan ne, akwai dokar jiha akwai ta tarayya, kowacce da masu gabatar da ƙararta. Dokar tarayya kan safarar mutane tun shekarar 2000 take, kuma a cikinta in yarinya ba ta kai 18 ba, ba a buƙatar a nuna tilasta mata aka yi. An ba da kuɗi, an yi lalata da ita, laifi ya tabbata. Babu zancen ai ita ta kai kanta.

FBI ta gano 'yan mata fiye da 30. Wata lauyar gwamnati, Marie Villafaña, ta rubuta takardar tuhuma mai shafi 53, wadda da an shigar da ita kotu yana iya ƙare rayuwarsa a gidan yari. Ba a shigar ba. Shi kuma Epstein ya tara manyan lauyoyi, su Alan Dershowitz, da Kenneth Starr, wanda ya binciki Bill Clinton lokacin yana shugaban ƙasa. Suka zauna da ofishin Alexander Acosta, babban mai gabatar da ƙara na tarayya a kudancin Florida, aka ƙulla yarjejeniya. A Satumbar 2007 aka sa hannu, amsa laifin ne ya zo a Yunin 2008. Me ke ciki? Tarayya ta janye hannunta gaba ɗaya, shi kuma ya je kotun jiha ya amsa laifi biyu, a ɗaure shi wata 18, a sa sunansa a rajistar masu laifin lalata. Har aka rubuta cewa ba za a tuhumi waɗanda suka taya shi ba, an ambaci mata huɗu da suna, aka kuma ƙara da duk wani da ake iya cewa da hannunsa a ciki. Wato mutanen da ba a ma san su ba tukuna an riga an yafe musu.

Yanzu ku ji zaman gidan yarin, don nan ne raina ya fi ɓaci. Wata 13 ya yi cikin 18. Ba a kai shi babban kurkukun jiha ba, a gidan kason gunduma aka ajiye shi, a ɓangare na daban. Bayan 'yan watanni aka ba shi izinin fita aiki, awa 12 a rana, kwana 6 a mako. Direbansa ne ke zuwa ya ɗauke shi da safe ya kai shi ofis a West Palm Beach, ofishin wata gidauniya da shi kansa ya kafa. Jami'an da ke rakiyarsa daga aljihunsa ake biyan su. Alhaji, wa ka taɓa ji an yi wa haka? Mutumin da ya amsa da bakinsa cewa ya nemi ƙaramar yarinya, a buɗe masa ƙofa kullum ya fita. Awa 12 fa. Kai da kake kasuwa awa nawa kake yi a shago? Ya dawo ya kwana, gari ya waye ya sake fita. Da aka sallame shi a 2009 aka ce zai yi shekara guda na ɗaurin talala a gida, a cikin wannan shekarar ma ya riƙa hawa jirginsa zuwa New York da wani tsibiri da ya mallaka. Ni duk lokacin da na tuna direban nan a ƙofar gidan kaso... to, bari in bar shi haka.

Su kuma yaran ba wanda ya gaya musu an yi yarjejeniya. Akwai dokar 2004 da ta ba waɗanda aka zalunta haƙƙin a tuntuɓe su. Maimakon haka, a farkon 2008, bayan an riga an sa hannu, aka aika wa wasunsu wasiƙa cewa ana nan ana bincike, su ƙara haƙuri. Biyu daga cikinsu suka kai gwamnati ƙara a 2008. Sai a Fabrairun 2019 alƙali Kenneth Marra ya yanke cewa lallai an taka dokar da aka ɓoye musu. Shekara 11 suna jiran wannan jumlar. Daga baya ma kotun ɗaukaka ƙara ta ce tunda tarayya ba ta taɓa shigar da tuhuma a kotu ba, dokar ba ta ba su hanyar da za su kai ƙara ba. Kun ga abin? Rashin shigar da tuhumar da aka cuce su da shi, shi ne kuma ya toshe musu hanyar neman haƙƙi.

Wa ya tayar da maganar? 'Yar jarida ce, Julie Brown ta jaridar Miami Herald. A Nuwambar 2018 ta fitar da bincikenta, ta gano mata wajen 80, wasu suka yarda suka yi magana da fuskarsu a fili. Lokacin Acosta ministan ƙwadago ne a gwamnatin Trump. Sai masu gabatar da ƙara na tarayya a Manhattan, cikin birnin New York, ƙarƙashin Geoffrey Berman, suka ce yarjejeniyar Florida ta ofishin Florida ce, su ba ta ɗaure su ba, kuma mutumin yana da gida a New York inda ya aikata irin wannan. Ranar 6 ga Yulin 2019 jirginsa ya sauka a filin jirgin sama na Teterboro, kusa da New York, daga Faransa aka kama shi. Tuhuma biyu, safarar ƙananan yara don lalata da haɗa baki, kan abubuwan 2002 zuwa 2005. Ku lura, shekarun da aka bincika tun farko ne. A gidansa aka samu tarin hotunan 'yan mata, da kuɗi da lu'ulu'u a akwatin ƙarfe, da wani tsohon fasfo mai hotonsa da sunan wani. Alƙali ya hana beli. Acosta ya ajiye muƙami cikin mako guda. A 2020 ma'aikatar shari'a ta binciki kanta ta ce ya yi rashin hangen nesa, amma bai karya ƙa'idar aiki ba. Iyakar abin da ya same shi ke nan.

Hajiya, ga taki. Ranar 10 ga Agustan 2019 aka tsinci gawarsa a ɗakinsa na gidan yarin tarayya da ke Manhattan. Babbar likitar binciken gawa ta New York ta ce rataye kansa ya yi. Sufeto janar na ma'aikatar shari'a ya fitar da rahoto a 2023, ya ce sakaci ne mai muni: an bar shi shi kaɗai a ɗaki alhali an ce a haɗa shi da wani, gandirobobi biyu da ya kamata su leƙa shi duk rabin awa suka yi barci suka cike takardar ƙarya, na'urar naɗar hoto ta wasu kyamarori ba ta aiki. Rahoton bai samu hujjar kisa ba. Na san mutane da yawa ba su gamsu ba, kuma da irin wannan sakacin ban ga laifinsu ba. Amma mun fi shekara nawa muna wannan muhawarar, ita kuma yarjejeniyar 2007, wadda a rubuce take da sa hannu, ba wanda ke kawo ta a guruf.

Mutuwarsa ta kashe shari'ar, don ba a gurfanar da mamaci. Alƙali Richard Berman dai ya kira zama a ƙarshen Agusta ya bar matan suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka faɗi abin da aka yi musu. Ghislaine Maxwell, 'yar attajirin jaridun Birtaniya Robert Maxwell, wadda ke nemo masa yaran tana saba musu da gidan, an kama ta a New Hampshire a Yulin 2020, aka same ta da laifi biyar cikin shida a Disambar 2021, aka ɗaure ta shekara 20. Kuma kun san da me ta ɗaukaka ƙara? Da wannan yarjejeniyar ta Florida, wai ta shafe ta ita ma. Kotuna suka ƙi.

Kuɗi kam an biya. Asusun diyya daga dukiyarsa ya raba fiye da dala miliyan 120. A 2023 bankin JPMorgan ya amince ya biya matan miliyan 290, Deutsche Bank miliyan 75, saboda sun ci gaba da riƙe asusunsa. Ka duba Alhaji, JPMorgan bai rabu da shi ba sai 2013, shekara 5 bayan ya amsa laifi, Deutsche Bank kuma a lokacin ya karɓe shi.

Sai jerin sunayen da kuke ta turowa na mutanen da wai suna da alaƙa da Epstein. Don Allah a daina. Ganin sunan mutum a littafin waya ko a takardar fasinjojin jirgi ba ya nufin ya taɓa yarinya, kuma wasu jerin da ke yawo ƙirƙirarsu aka yi. Abin da yake tabbas shi ne gidajen nan akwai masu tsara lokaci, akwai masu kiran yaran a waya, akwai masu biyan kuɗi, kuma mutum ɗaya ce kotun tarayya ta ɗaure kan safarar, Maxwell. Barista in kana kusa ka yi mana bayanin ko wancan yafewar ta 2007 za ta tsaya a wata kotun da ba ta Florida ba. Wassalam.