Ƙarancin bitamin B12 da lalacewar laka

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina ya daɗe yana shan metformin saboda ciwon suga. Yanzu ƙafafunsa suna yawan mutuwa, kuma idan ya fita sallar asuba cikin duhu sai ya yi ta tangaɗi. An ce ƙarancin bitamin B12 ne ya taɓa masa laka. Ta yaya haka za ta faru, alhali gidanmu ba ya rabuwa da nama da nono da cuku? Daga wata mai karatu a Tawa.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Abin da aka ci daban, abin da jiki ya tsotsa daban. Kafin B12 ya shiga jini, sai ya haɗu da wani sinadari da ciki ke fitarwa, sannan ƙarshen ƙaramin hanji ya tsotse shi. Tsufa, da shan metformin ko omeprazole (maganin gyambon ciki) shekara da shekaru, da cutar da garkuwar jiki ke lalata bangon ciki, duk suna iya tare wannan hanya. Hanta kuwa tana ajiye abin da zai kai shekara 3 zuwa 5, shi ya sa ciwon ke shigowa a ɓoye.

Idan ajiyar ta ƙare, rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin laka sai ta fara zaizayewa, musamman a ɓangaren baya, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta taka. Da rana ido yana cike wannan giɓi, amma cikin duhu babu mai yi wa ƙafa jagora, kuma wannan ne tangaɗin da kuke gani. Idan aka yi sakaci, ɓangaren gefe ma yana taɓuwa, ƙafafu su sandare su yi rauni.

Maganin allurar B12 ce, yawanci miligiram 1, a jere a makonnin farko, daga baya a riƙa ba da tazara, wasu kuma har ƙarshen rayuwa. Kada ku dogara da ƙwayoyin ƙarin jini na folik asid da ake saye a kanti, domin suna iya gyara jini alhali laka na ci gaba da lalacewa. Kada kuma Baba ya daina metformin sai da izinin likitansa.

A ganina, jinkiri ne babban haɗari a nan: wanda aka fara yi wa allura cikin makonni ko 'yan watanni yakan samu sauƙi sosai, wanda ya daɗe kuwa wata illar ba ta gushewa. Tun da ciwon suga shi ma yana kashe jijiyoyin ƙafa, ku nemi likitan jijiyoyi ya duba shi, ko da sai kun je Yamai.