Inci 27 ko 32? Amsoshin tambayoyinku kan monitar buga gem

Tambayoyin monita sun taru sosai, kuma yawancinsu magana ɗaya ce ke dawowa, wato girma. Bari mu shiga kai tsaye.

TAMBAYA: Salam, na haɗa kwamfuta da katin girafik RTX 3060, yanzu monita ta rage min. Naga wata inci 32 mai 1080p da wata inci 27 mai 1440p, kuɗinsu kusan ɗaya ne. Gaskiya zuciyata na kan babbar, wacce zan ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ɗauki ta inci 27 ɗin, wannan ko shakka bana yi. Nasan babbar tafi ɗaukar ido idan ka hango ta daga nesa, amma kai ba daga nesa zaka riƙa kallonta ba, a gaban hancinka zata zauna.

Ga yadda abin yake. Hoton da kake gani a allo ƙananan ɗige-ɗige ne da ake kira fiksel, kuma 1080p na nufin 1920 a kwance 1080 a tsaye, jimla wajen miliyan 2 da ɗan ɗoriya. Wannan adadin baya ƙaruwa don allo yayi girma, sai dai kowane ɗigo ya ƙara faɗi. A inci 24 kana samun ɗigo wajen 92 a kowane inci, a 27 ya sauko 82, a 32 kuwa ya faɗo wajen 69, a nan ne zaka fara ganin gefen rubutu yana tsinke-tsinke, wayar lantarki ko shinge a cikin gem suna rawa idan kana tafiya, abokin gaba da ke can nesa ya zama ɗan dunƙulen da baka gane ko mutum ne ko dutse. Ita kuwa 1440p ɗin 2560 ne da 1440, wajen miliyan 3.7, a inci 27 tana baka kusan 109 a kowane inci. Bambancin 69 da 109 ba sai an nuna maka ba, da ka buɗe rubutu kawai zaka gani.

Amma fa akwai abin da zan faɗa maka kada kaji daga baya kace ban faɗa ba, 1440p tafi 1080p yawan ɗigo da kusan kashi 78 cikin ɗari, kuma katinka ne zai zana kowane ɗaya a kowane firem, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama motsi. RTX 3060 zai iya, a wasanni da yawa ma ba tare da wahala ba, sai dai a sababbin manyan wasanni masu nauyi dole ka rage saiti daga ƙololuwa zuwa na tsakiya ko ka kunna DLSS, wanda katin naka yana da shi. Abin da DLSS keyi shine ya zana hoton da ƙaramin adadi sannan ya cike shi ya kai girman allon, kuma a 1440p yana fita da kyau. Abin da bana so kayi shine ka sayi 1440p sannan ka riƙa mayar da gem ɗin 1080p don neman sauri, domin 1080 baya shiga 1440 daidai, ɗigo ɗaya sai ya raba kansa tsakanin ɗaya da ɗan wani abu, hoton ya fito dishi-dishi fiye da yadda zai fito a monitar da asalinta 1080p ce.

Sai maganar tebur, wadda mutane basa tunawa da ita sai kaya sun iso. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Faɗin inci 27 wajen santimita 60 ne, tsayi 34, na 32 kuwa faɗi wajen 71 tsayi 40. Samo kwali ka yanka shi daidai waɗannan awon, ka jingina a inda monitar zata zauna, ka zauna yadda ka saba zama. Idan sai ka juya wuya kafin ka ga kusurwar kwalin to yayi maka girma, kuma a kusurwa ne wasanni ke ajiye taswira da yawan harsashi da lafiyar ɗan wasanka. Inci 32 na son tebur mai zurfi, ka ja baya kamar santimita 80 ko fiye, kuma idan har 32 ɗin kake so to kada ta gaza 1440p.

TAMBAYA: Ni Valorant da Counter-Strike 2 kawai nake bugawa, katina ma tsoho ne GTX 1650. Abokai sunce in tara kuɗi in sayi 4K tunda itace ƙarshe. Haka ne?

A'a malam, shawarar nan bata dace da kai ba ko kaɗan. 4K ɗigo miliyan 8.3 ne, ninki huɗu cif na 1080p, katinka zai sha wahala kuma abin da zaka samu ba shine abin da wasanninka ke buƙata ba. Ƙwararrun da ke buga waɗannan wasanni a manyan gasa yawancinsu inci 24 zuwa 25 suke amfani da shi, kuma ba rashin kuɗi bane ya sa, suna so ne duk allon ya kasance cikin ganinsu lokaci ɗaya ba tare da ido yana yawo ba.

Kai abin da zaka nema shine saurin sabunta hoto, lambar nan da ake rubutawa da Hz. Monita mai 60Hz tana canza hoto sau 60 a daƙiƙa, wato tsakanin hoto da hoto akwai milisakan 16.7. Mai 144Hz ta rage shi zuwa 6.9, mai 240Hz zuwa 4.2. Duba lissafin da kyau, daga 60 zuwa 144 ka ci ribar kusan milisakan 10, daga 144 zuwa 240 kuwa bai kai 3 ba. Shi yasa nake cewa tsallen farko shine wanda hannu ke ji nan take, ko maus kawai ka ja a fuskar kwamfuta zaka ji ya bambanta, na biyun sai wanda ya riga ya ƙware kuma kwamfutarsa na iya fitar da firem ɗin. Monita bata ƙirƙiro firem, idan kwamfutarka 90 take bayarwa to 90 zaka gani ko da allon 240 ne. Valorant bashi da nauyi, katinka zai tura shi sosai a 1080p, Counter-Strike 2 ya ɗan fi nauyi sai ka rage saiti. Nemi inci 24, 1080p, 144 zuwa 180Hz, kuma ta kasance tana da FreeSync ko G-Sync don kada hoto ya riƙa tsagewa gida biyu idan firem na hawa da sauka. Ragowar kuɗin ka ajiye na sabon kati.

TAMBAYA: Na sayi mai 144Hz amma wallahi banga bambanci da tsohuwata ba, ko an cuce ni ne?

Da wuya. Sau da yawa Windows na barin sabuwar monita a 60Hz har sai ka canza da hannunka. Danna maus na dama a fuskar kwamfuta, shiga saitin allo, ka gangara wajen ƙarin saiti, zaka ga inda ake zaɓen Hz ɗin. Idan 144 bata fito a jerin ba to duba waya, gwada DisplayPort maimakon tsohuwar HDMI, kuma ka tabbata a jikin katin girafik ka soka ta ba a ramin da ke sama kusa da na USB ba.

TAMBAYA: Ƙanena zan saya wa monita don PS5 ɗinsa, bana so ya riƙa mamaye talabijin. Ban san komai a harkar ba, a taimaka.

Allah ya saka da alheri 'yar'uwa. Abu na farko, PS5 HDMI kawai gare shi, babu DisplayPort, don haka kada lambar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ta ruɗe ki, wasu monitocin ta DisplayPort kaɗai suke kai wannan saurin, ki nemi abin da ramin HDMI ɗin ke iya yi. Idan 4K da 120Hz a tare ake so dole sai mai HDMI 2.1, HDMI 2.0 a 4K iyakarta 60. Ni dai da nine a matsayinki, inci 27 mai 1440p da ke karɓar 120Hz ta HDMI zan ɗauka, tun 2022 Sony suka ƙara wa PS5 damar fitar da 1440p, kuma wasanni da yawa dama idan aka sa su a yanayin sauri ba cikakken 4K suke zanawa ba. Kada ki sayo irin monitar da aka ƙara wa faɗi sosai gefe da gefe, PS5 baya cika ta. Sannan ki duba ko tana da lasifika, da yawa basu da ita, waɗanda ke da ita ma sautin ba wani abin kirki bane, amma akwai ramin iyafis a jikin hannun gem ɗin, da hedifon mai kyau an wuce wurin.

TAMBAYA: Ina aiki da kwamfuta da rana, da dare in buga wasannin mota da masu labari. Mai faɗin nan ta inci 34 ta dace da ni? Kuma IPS ko VA ko OLED?

Kai kam ta dace da kai ɗan'uwa, ina ma ganin irinku aka yi wa ita. Yawancinsu 3440 ne da 1440, tsayinta kusan ɗaya da na inci 27, gefe da gefe ne aka ƙara, don haka kaifin hoton ma kusan ɗaya ne, wajen 110 a inci. A aiki zaka jera takardu biyu ba tare da matsi ba, a wasan mota kuwa kana ganin madubin gefe da motar da ke ƙoƙarin wuce ka. Nauyinta a kan kati wajen ɗigo miliyan 5 ne, yafi 1440p na yau da kullum da kusan kashi ɗaya cikin uku amma bai kusa da 4K ba. Kafin ka biya ka bincika wasannin da kafi bugawa ɗaya bayan ɗaya, domin akwai waɗanda basu san wannan faɗin ba, sai su bar maka baƙi a dama da hagu, wasu kuma wasan na cikawa amma da an zo wajen bidiyon labari sai ya koma ƙarami.

Maganar nau'in allo, IPS kalarsa na da kyau kuma bata canzawa idan ka kalla daga gefe, sai dai baƙinsa a ɗaki mai duhu yana komawa toka-toka. VA baƙinsa yafi zurfi, amma masu arha a cikinsu suna jan inuwa a wurare masu duhu idan abu na gudu, kuma wasan mota da dare shine daidai inda wannan ke fitowa. OLED yafi su duka a baƙi da sauri domin kowane ɗigo da kansa yake haske kuma da kansa yake mutuwa, matsalarsa ɗaya ce kuma ta shafe ka kai tsaye, abin da ya daɗe a wuri ɗaya kamar layin ƙasan Windows ko layin saman teburin lissafi na manhaja irin Excel yana iya barin tabo a allon bayan dogon lokaci. Tunda yini kake kana aiki a kanta, IPS zan ce ka ɗauka. Idan kuma ranka ya kafe a kan OLED, ka karanta takardar garanti ka tabbata ta haɗa da wannan tabon, ka sa layin ƙasan ya riƙa ɓuya da kansa, kuma idan monitar ta nemi ka barta tayi gyaran fiksel ɗinta kada ka riƙa danna a'a.