Me ya sa ba a ba da hutun rabin lokaci a sinimomin Abuja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai yarana biyu kallon wani fim ɗin Indiya a wata sinima a nan Abuja. Da aka kai tsakiya rubutun hutu ya fito a allo, har mun yunƙura za mu tashi, sai fim ya zarce, ko fitila ba a kunna ba. Kusan awa uku muna zaune, Magariba ta wuce mu. Mahaifina ya ce a zamaninsu a Jos ana tsayawa a huta. Me ya sa aka daina? Kuma idan na roƙi gidan sinima ya tsayar, zai iya? Daga wata mai karatu a Gwarinpa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Baba ya faɗi gaskiya, sai dai babban dalilin tsayawar wancan zamani na'ura ce, ba tausayin 'yan kallo ba. A gidaje irin su sinimar Kwararafa ta Jos, fim yana zuwa ne a zare mai faɗin milimita 35, a nannaɗe cikin gwangwanaye. Majigi yana jan hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, wato zare mai tsawon ƙafa 90 a kowane minti. Naɗi ɗaya ƙafa 2,000 ne, bai wuce minti 22 ba, don haka fim mai awa uku naɗi takwas zuwa tara ne. Gidan da ke da majigi biyu yana sauyawa ba tare da an lura ba: mai haskawa ya zuba ido a kusurwar sama ta dama ta allo, inda ɗigon alama yake fitowa, ɗigon farko ya fito kimanin daƙiƙa takwas kafin zare ya ƙare sai ya tayar da majigi na biyu, ɗigo na biyu ya fito sai ya juya haske. Gidan da ke da majigi ɗaya kuwa dole ya tsaya, ko da ya haɗa zaren a babban naɗi na kusan awa guda. Ga fitilar ma sandunan gawayi take ci, suna ƙonewa ana sauya su.

Yau duk wannan ya kau. Fim yana zuwa ne a rumbun ajiya na kwamfuta, a tsarin da ake kira DCP, tare da mabuɗin sirri da ke buɗe shi daga rana kaza zuwa rana kaza. Ma'aikaci yana jera tallace-tallace, da fim, da umarnin rage fitila da ƙara ta a jadawali ɗaya, na'ura ta bi da kanta. Saka hutu a wannan jadawali ba wani aiki ba ne. Abin da ke hanawa biyu ne: yarjejeniya da lissafin lokaci.

Gidan sinima ba shi ya mallaki fim ba, haya ya ɗauko daga masu rarrabawa, kuma sharaɗin manyan kamfanonin Amurka shi ne a haska shi yadda ya zo. A 2023 wasu sinimomi a Turai da Amurka sun saka hutu a fim ɗin Killers of the Flower Moon mai tsawon minti 206, kamfanonin da ke da fim ɗin suka ce an saɓa yarjejeniya, aka janye. A 2024 kuma The Brutalist ya fito da hutun minti 15 a jikinsa, da agogo a allo yana ƙirgawa, kowace sinima ta haska shi haka. Ashe mai fim ne ke da ta cewa.

Lissafin lokaci kuwa ga misali. Ɗakin kallo da ke aiki daga goma na safe zuwa sha biyun dare yana da minti 840. Fim mai minti 180, da talla minti 15, da shara da shigar sababbin mutane minti 15, ya kama 210. Sau huɗu cif. Ƙara hutun minti 15 ya zama 225, sau huɗu 900, ya haura. Ko dai a yi asarar haskawa guda, ko a tashi ƙarfe ɗayan dare. A Indiya, da Turkiyya, da Suwizalan, inda al'adar hutu ba ta mutu ba, gidajen suna mayar da wannan gurbi da cinikin gugguru da lemo, domin kuɗin tikiti ana raba shi da mai fim, na kayan maƙulashe kuwa na gida ne.

To amma fim ɗin da kika kalla na Indiya ne, kuma a nan muke ganin ƙorafinki yana kan hanya. Marubutan Indiya da hutun suke gina labari. Sukan kai rikici ƙololuwa a tsakiya, a tona asiri ko jarumi ya yi rantsuwar ɗaukar fansa, kiɗa ya tashi, rubutun hutu ya fito. Kashi na biyu yana buɗewa a hankali ne, saboda an san mutane suna dawowa kujerunsu. Idan aka zarce, an hana mai kallo numfashin da marubuci ya tanadar masa, sai kashi na biyu ya yi kamar ya yi sanyi alhali ba laifin labarin ba ne. Tsayawa a wannan gaɓa ba yanka fim ba ne, bin tsarinsa ne. Akasin haka shi ne a tsayar da fim ɗin da ba a gina shi da hutu ba, a daidai rabin mintinsa, ana tsakiyar magana. Wannan kamar a sauke tuwo ana cikin tuƙi ne, ko an mayar ba ya haɗuwa.

'Yan kallo sun rabu a kan batun, kuma kowane ɓangare da hujjarsa. Masu yara, da masu juna biyu, da dattawa, da masu ciwon suga suna so, kuma ba son jiki ba ne: mafitsarar babban mutum kimanin rabin lita take ɗauka, matsuwa tana farawa tun kafin ta cika, kwalbar lemo ɗaya kuwa rabin lita ce. Masu ƙi suna cewa da an kunna fitila kowa ya ciro waya, hankali ya bar labari, sannan a dawo ana ratsa mutane cikin duhu ana haska tocila. Wanda zai nemi motar Kubwa ko Mararaba bayan goma na dare ma minti 15 ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Yawancin abin da masu ƙin ke kuka da shi daga gajeren hutu yake fitowa. A ce ɗaki mai kujera 150, kashi ɗaya cikin uku suka tashi, rabinsu mata 25, ban ɗakinsu ƙofa huɗu, kowace ta yi minti ɗaya da rabi: kusan minti goma ke nan kafin layi ya ƙare. Alwala da raka'a uku ma kusan haka suke ci. Hutun minti biyar ɓata fim ne kawai. Wanda zai yi amfani minti 12 zuwa 15 ne, a sanar tun wurin sayen tikiti, a kunna fitila rabi, a sa agogo a allo.

Game da roƙo, mai duba tikiti ba shi da ikon taɓa jadawali, manaja za ki nema, kuma kafin ranar kallo. A fim ɗin Indiya kina da hujja, tunda gurbin yana nan. Idan ƙungiya ko dangi suka kama ɗaki gaba ɗaya, maganar ta fi sauƙi.

Kafin nan, ki duba tsawon fim ki ƙara masa minti 15 zuwa 20 na talla. Rana tana faɗuwa a Abuja tsakanin shida da 'yan mintuna a Nuwamba da bakwai saura 'yan mintuna a Yuli, kuma Magariba ce mai ƙurarren lokaci, don haka dogon fim da zai fara tsakanin uku da rabi da shida zai iya cinye ta. Na ƙarfe ɗaya da kwata, bayan Azahar, zai sake ku wajen huɗu da rabi, La'asar tana nan. Na bayan Magariba kuma Isha tana da faɗi. Ki zaɓi kujerar bakin layi kusa da ƙofa, yara su zaga kafin a shiga, a jinkirta buɗe lemo sai an yi nisa. Idan fita ta kama dole a fim ɗin Indiya, ki tashi da zarar waƙa ta fara: minti huɗu zuwa biyar take ɗauka, kuma labari bai cika matsawa a cikinta ba.