Kafin Ka Sa Sukundireba a Jitar Maigidanka

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mahaifiyarka da ƙannenka. Saƙonka ya same ni, ɗaurin gero ne ya hana ni zama in ba ka amsa da wuri. Ka ce maigidanka ya miƙa maka tsohuwar jitarsa ta lantarki, mai ƙarfen nan a gindi da sanda da ake dannawa murya ta yi rawa, kuma tun da ka fara fita biki da ita saiti ba ya tsayawa. Abokanka sun ce ka kwance ƙarfen ka huta. Kana tambaya ko al'ada ta yarda yaro ya yi wa kayan da maigidansa ya ba shi irin wannan gyara ba tare da ya faɗa masa ba.

Amsa a taƙaice ita ce a'a. Amma ka san Kawunka ba ya iya taƙaitawa, kuma da na ce a'a na yi shiru, gobe wani zai zuga ka ka yi. Gara in buɗe maka dalili.

Jita ba ta da gida a cikin kiɗanmu. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba, tambari da kakaki na fada. Kowanne akwai wanda zai tsaya ya ce ga yadda iyayenmu suka bar shi. Jita baƙuwa ce, babu Sarkin Makaɗan da ya gaji wata doka a kanta, saboda haka duk wanda ya ce maka al'ada ta hana sandar nan ko ta wajabta ta, faɗa kawai yake yi. Abin da al'ada ta yi magana a kai shi ne tsakaninka da mutumin da kake ɗaukar wa kaya, kuma wannan bai canja ba don kayan ya zo daga Amurka.

A gidan makaɗa kayan kiɗa kashi biyu ne. Akwai abin da ke cinyewa: fata, tsirkiya, izgar goge, makaɗi. Wannan aikin yaro ne, idan ya tsinke ko ya fashe ka canja, ba sai ka tambaya ba, in ma ka tsaya tambaya za a ce ba ka san aikinka ba. Akwai kuma jikin kayan: icen ganga, ƙwaryar goge, da duk abin da mai shi ya ɗaura da hannunsa, ko laya ce ko ɗan zobe. Wannan ba a taɓa shi. Yaron da ya fere bakin gangar maigidansa don yana ganin za ta fi zaƙi, ko da ta fi zaƙin, ya yi rashin kunya. Ƙarfen da kake son cirewa a kashi na biyu yake. Da noti aka kafe shi a cikin ice, kuma a jikinsa tsirkiyoyi shida suke rataye.

Sannan ka tuna kalmar da ya faɗa ranar da ya miƙa maka. "Na ba ka" daban, "riƙe wannan" daban. Yara da yawa sun ji ta biyu sun ɗauka ta farko ce. In riƙo ne, amana ce a hannunka, maganar ta ƙare. In kyauta ce, a shari'a taka ce, amma muddin kana tsayawa a bayansa a filin biki, idonsa zai sauka a kan jitar kowane dare. Ranar da ya ga ramukan noti a fili inda ƙarfensa yake, ba zai ce komai ba, irin mutanen nan ba sa cewa. Za ka dai ga an daina kiranka wasu wurare.

To, bari mu zo ga ƙarfen kansa, don ina zargin ana ɗora masa laifin da ba nasa ba ne. Daga yadda ka kwatanta shi, faffaɗa mai kama da alminiyam, da sifirin ɗaya tak a ƙarƙashin sandar, da wani gungumen ƙarfe da tsirkiyoyi suke zagayewa, irin na Bigsby ne ko kwaikwayonsa. Paul Bigsby da ya ƙirƙiro shi mazaunin Kalifoniya ne, makanikin babur ne kafin ya shiga ƙera jita, kuma a farkon shekarun 1950 abin nan ya shiga kasuwa. Kamfanin Gretsch ne ya fi shahara da ɗaura shi. A 1954 kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster da nasa salon, wanda aka huda jikin jitar aka ɓoye sifirin a baya, jakin da tsirkiyoyi suke hawa gaba ɗaya yana lilo a kan noti shida. Shi ne yawancin abokanka suke riƙe da kwaikwayonsa. Daga baya, ƙarshen shekarun 1970, Floyd Rose ya kawo mai kulle tsirkiya sama da ƙasa, wanda za ka danna har tsirkiya ta yi laƙwas ta dawo daidai. Naka ba ya cikin wannan sahu, kuma rabin matsalarka daga nan take: kana nema masa aikin da ba don shi aka yi shi ba.

Yadda yake aiki ka riga ka san shi tun kana yaro, ba ka dai lura ba. Mai kalangu yana matse jijiyoyi a hammata fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka. Sandar nan haka take, sai dai a juye: ka danna, gungumen ya juya kaɗan, tsirkiyoyi su sassauta, murya ta sauka, ka saki, sifirin ya mayar da ita. Iyakar tafiyarsa gaɓa ɗaya ce ta wuyan jita, in ka matsa ƙwarai biyu. Ba a yi shi don nutso ba, an yi shi don lilo.

Kuma a wannan lilon babu kamarsa, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Da yatsa tsirkiya ɗaya ko biyu kake iya girgizawa, kuma sama kawai za ka iya kai ta. Da sandar nan, duka shidan suke rawa tare, a hankali, suna sauka ƙasa da muryarsu suna dawowa. Lokacin da na yi zaman Kano ina gyaran rediyo da amfilifaya a Sabon Gari, masu kiɗan otal suna kawo mini kayansu, na ga wani dattijo da ba ya kama sandar ma sam. Ƙaramin yatsansa kawai yake ɗora mata idan mawaƙi ya kai ƙarshen baiti ya ja numfashi, sai ka ji sautin ya yi wani irin lumshewa kafin 'yan amshi su shigo. A waƙa guda bai fi ya taɓa ta a wurare kaɗan ba. Sifirin ɗin yana da taushi a hannu, ba ya fizga. Ga shi kuma ban da ramukan noti ba a huda jikin jitar don shi ba, a sama yake zaune, abin da ya sa ya dace da jita mai rami a ciki irin taka.

Amma ba zan ɓoye maka wahalarsa ba. Na farko nauyi. In ka tsaya da ita daga bayan isha'i har tsakar dare a wajen kamu ko ajo, kafaɗarka za ta gaya maka. Na biyu, duk tsirkiyoyin a kan sifirin ɗaya suke ja, to in ɗaya ta tsinke ana tsakiyar kiɗa sauran biyar za su ɗan hau, dole ka tsaya. Ko tura tsirkiya ɗaya ka yi da yatsa sosai, za ka ji 'yan'uwanta sun ɗan sauka. Salon Fender in an bar jakinsa yana lilo ya fi naka wannan ciwon, don haka kada abokanka su yi maka dariya.

Na uku shi ne sa sabuwar tsirkiya, kuma nan ne mutum yake zagin wanda ya ƙera abin. A jikin gungumen akwai 'yan ƙusoshi shida ƙanana. Zoben da ke gindin tsirkiya za ka saƙala a ƙusa, ka zagayo da ita, ka kai ta har kunnen da ake murɗawa a can sama, kuma kana sakin hannu zoben ya zame ya faɗi. Ga dabara: kafin ka saƙala, lanƙwasa gindin tsirkiyar a jikin fensir ya yi baka. In ka saƙala, yanki guntun tsohon silifa ka cusa a ƙarƙashin ƙusar ya danne zoben, sai ka ɗaure ka zare robar. Kuma ɗaya bayan ɗaya ake canjawa. Ka kwance duka shida a lokaci guda, sifirin zai fito ya gangara cikin yashi, don ba abin da ke riƙe da shi sai jan tsirkiya. A wasu jitocin ma jakin ba a kafe yake ba, zai goce daga mazauninsa, ka wayi gari kowace gaɓa tana ƙarya. A ƙauye da dare, da fitilar waya a baki, ba ka son wannan.

Saura babbar ƙararka, saitin da ba ya tsayawa. Sau da yawa ba ƙarfen ba ne. Duk lokacin da ka danna sanda, tsirkiya tana zamewa ta kan jaki da kuma ta cikin tsagogin farin ƙashin nan da ke can sama kusa da kunnuwa. In tsagar ta matse ko ta cika da ƙura, tsirkiya za ta tafi ta ƙi dawowa daidai inda ta taso. Alamarsa, kana murɗa kunne sai ka ji ɗan ƙas, murya ta yi tsalle. Ɗaga kowace tsirkiya, share tsagar, ka goga bakin fensir a ciki har ta yi baƙi, haka ma inda take hawa kan jaki. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a inda gungumen yake juyawa, ɗaya fa, don mai da yawa ƙura yake tarawa. A kunne kada ka naɗa tsirkiya ta yi tuli, zagaye biyu zuwa uku a jere ya isa, kuma sabuwa sai ka ja ta da hannu ka sake ɗaurewa har ta daina sauka. In siraran nan masu lamba 9 kake sawa, koma 10 ko 11, sun fi zama da irin wannan ƙarfe. In za ka aika Kano a sayo, a sayo fiye da saiti ɗaya, don ba za ka same su a kasuwar Gujungu ba.

Kada ka manta da ƙasarmu kuma. Hunturu yana busar da ice, wuyan jita ya motsa, damina ta zo ya sha danshi ya koma, gumi ya ci tsirkiya da tsatsa. Jitar da aka ɗauko a bayan babur cikin rana aka sauke a filin da iska ke kaɗawa, ko babu ƙarfe a gindinta sai ta goce. Ka isa da wuri, ka buɗe ta ta sha iskar wurin kafin ka yi saiti.

In ka tambaye ni ra'ayina tsakani da Allah, a kiɗan bikinmu amfanin sandar kaɗan ne. Jita a wurinmu zagaye take yi tana maimaitawa, kalangu na tafe, adon kuma a yatsun hagu yake. Saurari masu jitar Agadas, yawancin abin da ke burge ka a wurinsu bugun yatsa ne da saki a kan gaɓa. Da yau za ka shiga kasuwa da kuɗinka ka sayi jitar yawon ƙauyuka, da na ce ka ɗauki marar sanda. Amma taka ta riga ta zo da shi, kuma cirewa ba kwance noti ba ne kawai. Sai ka nemo wani abin da zai riƙe tsirkiyoyi, wataƙila a sake huda ice, tsofaffin ramuka su zauna a fili. A irin waɗannan jitoci kuma sau da yawa akwai siririyar waya da ke fitowa daga ciki ta taɓa ƙarfen, ita ke kashe gurnani. Ka tsinke ta ba ka sani ba, ka haɗa da janareta, lasifika za ta yi ta ruri har a rasa jin mawaƙi. Alhali in ba ka son sandar, juya ta baya kawai za ka yi ta kwanta, ka yi kiɗanka.

Ga abin da za ka yi. Fara da fensir da mai da sababbin tsirkiyoyi, wannan hurumin yaro ne, ba ka bukatar izinin kowa. Ka fita biki da ita haka ka gani. In har yanzu tana gocewa, sayi goro, ka je gidansa da hantsi ba a filin kiɗa ba, ba kuma a gaban sauran yara ba. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ajiye jitar a gabansa. Kada bakinka ya furta cewa abin da ya ba ka yana da matsala. Ce masa, "Maigida, sandar nan ta fi ƙarfina, a nuna mini yadda ake bi da ita." Mutumin da ya yi shekara da shekaru da kaya ya san halinsa, mai yiwuwa ya ɗauka ya murɗa wani abu da ba ka taɓa lura da shi ba. Mai yiwuwa kuma ya yi dariya ya ce shi ma ta dame shi, a cire. In daga bakinsa ta fito, shi ke nan.

In an kai ga cirewar, kada ka kai wa mai walda ko mai gyaran babur. Kawo mini ita nan, ko ka kai wa masu gyaran kayan kiɗa a Kano. Ƙarfen da sifirin da notinsa duka ka ƙulle a tsumma ka mayar wa maigidanka, kada ka sayar, kada ka bai wa aboki.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata kuɗin auduga na nan tafe ranar kasuwa.

Kawunka.