Wai sai mun biya kuɗi kafin 'yan jarida su ɗauki labarinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu ƙungiyar matasa ce a wata unguwa a Kano, shekara uku kenan duk gabanin damina muna yashe kwatoci da kuɗin aljihunmu, ko gidan rediyo ɗaya bai taɓa leƙo mu ba, amma ranar da aka yi faɗan daba har da kyamara aka shigo unguwar. Yanzu wani ya ce mu haɗa dubu 150 zai sa mu a BBC Hausa. Mu ba shi? Gaskiya yaranmu sun fara karaya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanena kar ku ba shi ko sisi, ɗan damfara ne. Wallahi na gaji da wannan magana, kusan kullum sai wani ya tare ni da ita, wai labari sayensa ake. BBC Hausa tun 1957 suke aiki, da su da DW da RFI ba sa sayar da labari, wakilin da ya karɓi kuɗi aikinsa ya sa a caca. Irin waɗannan dillalan abin da suke yi, ka ba su kuɗi su je su wallafa a wani shafin Facebook da aka liƙa wa tambari mai kama da na gidan jarida, su turo maka hoton a WhatsApp, kai kuma ka yi ta yaɗawa kana murna. Na taɓa ganin wasu yara da suka taɓa kuɗin sayen shebur da baro suka ba wani, har yau wayarsa a kashe.

Eh, gidajen rediyonmu na gida suna sayar da fili, sanarwa ko shirin da aka ɗauki nauyi, amma wannan talla ce, a sashen kasuwanci ake biya a ba ka rasit, ba a gindin bishiya ba. Kuma ba zan ɓoye maka ba akwai 'yan uwanmu 'yan jarida masu jiran "na mota" bayan taro, abin kunya ne, kuma ranar da aka san ku da miƙa ambulan to kun shiga uku, babu mai sake zuwa muku ya yarda ya tafi hannu rabbana.

Abin da ya sa daba take shiga labarai shi ne kakakin 'yan sanda ya riga ya tura sanarwa da hotuna, ɗan jarida bai sha wahala ba. To ku ma ku sauƙaƙa masa. Ku tura masa saƙo gajere kwana biyu ko uku kafin aikin, ba bayan an gama ba: ina ne, ƙarfe nawa, tifa nawa ta shara kuka kwashe bara, gida nawa ruwa ya daina shiga. Hoton kwatar kafin da bayan yasa. Ku samo tsohuwar da ruwa ya saba cinye mata ɗaki ta yi magana da bakinta, muryarta ta fi jawabin ciyaman ɗinku sau goma, don Allah a rage "muna kira ga gwamnati".

Sannan ku dubi lokaci. Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, ko 5 ga Yuni ranar muhalli ta duniya, ko 12 ga Agusta ranar matasa, editoci neman labari irin naku suke. Ku fara da wakilan Freedom Radio ko Aminiya, ku dinga bugo waya a shirye-shiryen kai tsaye, manyan gidajen ma suna sauraren na gida. Ku ware mutum ɗaya mai magana da yawunku wanda wayarsa ba ta mutuwa, don ɗan jarida in ya kira sau biyu ba a ɗauka ba ya wuce wani labarin.