Filin Masu Karatu: Lambun Jikin Bango Zai Yiwu a Lungunmu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a unguwar Fagge. Lungunmu matsattse ne, ko mai kurar ruwa sai ya yi dabara kafin ya wuce, kuma babu bishiya ko ɗaya a cikinsa, domin kowa ya gine filinsa har bakin kwata. Idan bazara ta shigo ɗakunanmu ba sa kwantuwa. Ƙanina ya nuna mini hotunan gine-gine a ƙasashen waje da aka lulluɓe bangonsu da tsirrai tun daga ƙasa har sama, kuma matasan unguwa suna so su yi karo-karo su yi irinsa a katangar Islamiyyarmu. Shin abin yana rage zafi da gaske, kuma zai yiwu a wurinmu? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Hotunan da ƙaninki ya nuna miki na gaske ne, sai dai hoto ba ya nuna bututun ruwa da injin da ke bayan ganyen, alhali kuwa da su lambun yake rayuwa. Wanda ya yayata wannan salo shi ne Patrick Blanc, wani masanin tsirrai ɗan Faransa, wanda ya lura cewa a dazuzzukan ƙasashe masu ruwa akwai tsirrai da ke rayuwa a jikin dutse ba tare da ƙasa ba, muddin danshi bai yanke musu ba. Sai ya kafa firam na ƙarfe a jikin bango, ya manna masa faifan roba don kada ruwa ya taɓa ginin, ya shimfiɗa wani kauri-kaurin yadi mai kama da bargo wanda saiwa ke kamawa, sannan inji ya riƙa ɗiga ruwa gauraye da taki daga sama. Bangon da ya yi a gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a birnin Paris a 2006 ya kai murabba'in mita 800, da tsirrai kusan 15,000. Tagwayen benayen nan na birnin Milan a Italiya da aka kammala a 2014, wato Bosco Verticale, su kuma bishiyoyi ne kusan 800 aka dasa a barandarsu, kuma ma'aikata na musamman ne ke saukowa da igiya daga saman bene suna yi musu aski.

Irin wannan ba zan ba matasanku shawarar su zuba kuɗinsu a kai ba. Bargon nan ba ya riƙe ruwa kamar yadda ƙasa ke riƙewa, saboda haka idan inji ya tsaya tsirran sai su fara yaushi nan da nan. A 2009 wani bango irin wannan da aka kashe wa fam 100,000 a wata cibiyar yara a unguwar Islington ta birnin Landan ya bushe ƙurmus bayan na'urar ban ruwansa ta lalace, a garin da ba ya rabuwa da yayyafi. To, ina ga Kano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, ruwan sha ma sai an saya a jarka?

Amma batun rage zafi gaskiya ne, kuma za ki iya gwada dalilinsa da kanki. Bayan sallar isha'i ki ɗora tafin hannunki a bangon bulo da ke kallon yamma, za ki ji shi da ɗumi kamar murhun da aka sauke tukunya, domin tun azahar yake shan rana, yanzu kuma yana amayar da ita cikin ɗaki. Ganye yana tare hasken kafin ya isa bangon, kuma ruwan da yake fitarwa ta ƙananan ƙofofinsa yana ɗauke wani ɓangare na zafin. Wanda zai fi jin sauƙin shi ne mai kwana a bayan bangon, da ɗaliban da ke zaune a ajin da ke jikinsa. Mai wucewa ta tsakiyar lungu da rana tsaka ba zai ji bambanci sosai ba, domin bango ba ya yi masa laima. Wannan ne ya jawo suka a birnin Meziko, inda tun 2016 aka fara lulluɓe ginshiƙan gadar sama da tsirrai a wani shiri mai suna Vía Verde, masu suka suna cewa da kuɗin ginshiƙi ɗaya za a dasa bishiyoyi masu yawa waɗanda suka fi ba da inuwa da tace iska. Saboda haka idan akwai ɗan fili a bakin masallaci ko a harabar makarantar da zai ɗauki darbejiya ko da guda ɗaya ce, a fara da ita.

Abin da zai yi a katangarku kuwa mun gaje shi, ba mu dai ba shi suna ba ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda duma da soso da kabewa ke hawa danga su haye rufin ɗaki har su rufe shi ruf. Saiwarsu tana ƙasa, ganyensu yana sama, kuma filin da suke ci bai wuce faɗin bokiti ba. Matasan su kafa sanduna ko ƙarafa, su ɗaura waya ko raga, su shuka a gindi cikin rabin durom idan ƙasan siminti ne. Sai dai a lura da abu guda: duma da soso 'yan damina ne, suna bushewa kafin zafin Maris ya zo, wato daidai lokacin da aka fi bukatar su. Don haka a haɗa su da mai daɗewa, kamar furen nan mai ƙaya da ake kira bogenbiliya, wanda ke jure ƙishi idan ya kama ƙasa, ko inabi da wasu ke ɗorawa a rumfar tsakar gida. A dasa a farkon damina don ruwan sama ya yi renon farko, kuma a kewaye gindin da raga, in ba haka ba awakin unguwa za su gama da shi a yini ɗaya.

Ga matan gida kuma ina matuƙar son dabarar lambun buhu, wadda ta yaɗu a unguwar Kibera ta birnin Nairobi daga 2008. Ana tsayar da buhu, a sa gwangwani marar gindi a tsakiya a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa gauraye da takin dabbobi a kewaye, a riƙa jan gwangwanin sama har buhun ya cika, sai ya zama akwai ginshiƙin tsakuwa a ciki da ke raba ruwa har ƙasa. Daga nan a huda gefen buhun a dasa alayyahu ko yakuwa ko lalo, a sa tumatir da attaruhu a sama. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da ganye duk yana yi masa, amma banda ruwan wanki mai sabulun gari. Ku fara da buhu uku ko huɗu, ku ƙirga jarka nawa suke sha a mako kafin ku ƙara, kuma tun kafin a shuka a san sunan wanda zai riƙa ban ruwa lokacin hutun makaranta.

TAMBAYA: Malam, gidanmu ginin ƙasa ne na gado. Idan na bar tsiro ya hau bango, ba zai rushe shi ba? Kuma ba zai tara mana sauro ba? Daga wani magidanci a Damagaram.

AMSA: Malam, tsoronka yana kan hanya. Danshi shi ne babban abokin gabar ginin ƙasa, yana zubar da yaɓe, yana kuma gayyato gara. Kada ka bar tsiro ya kama jikin bangon kansa, kuma kada ka rataya masa tukwane ko robobin shuka, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai. Ka kafa sandunanka su tsaya da ƙafarsu, da ratar taƙi biyu tsakaninsu da bango, yadda iska za ta ratsa kuma magini zai samu wurin sa hannu idan lokacin yaɓe ya yi. Ramin shukar ma ka nisanta shi da tushen ginin da kuma inda indararo ke zuba.

Sauro kuwa a ruwan da ya kwanta yake ƙyanƙyasa, ganye mafaka kawai yake ba shi da rana. A birnin Chengdu na ƙasar Sin an gina benaye masu lambu a kowace baranda, amma da aka bar tsirran babu mai kula da su, sai rahotanni suka fito a 2020 cewa sauro ya addabi wurin kuma iyalai kaɗan ne suka tare. Ka huda gindin kowane mazubi don ruwa ya tsiyaye, ka zubar da wanda ya taru a faranti ko tsohuwar taya, ka riƙa rage ganyen da ya cunkushe kusa da taga, musamman a watan Agusta da ruwa ke sauka babu ƙaƙƙautawa.