Kaɗaicin Bahaushiyar Garwa a gidan ɗan Duwala

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki nuna kaɗaicin Bahaushiyar Garwa ta arewacin Kamaru da ta auri ɗan Duwala ta kudancin ƙasar a labarinki. Ni dai shawarata kar ki tsaya kan addini kawai, ki shiga ƙananan abubuwa. Ita an tashe ta da kunya ba ta cin abinci gaban suruka, uwar mijin kuma ta ɗauka raina miyar ndolenta (miyar shuwaka ta mutanen Duwala) take yi, ga shi ana ta hira da Faransanci da yarensu ana dariya, ita sai murmushi. Kuma don Allah shi ma mijin ki ba shi nasa kason, ranar da ya zo Garwa aka ajiye shi a zaure ana ta gaisuwa da Fillanci bai san me zai amsa ba, wallahi ina jin haushi in marubuci ya tsallake wannan wajen.